Makullan Agusta

Ranar jajiberin Babbar Sallah ta 2019 na dafa lambun wata mata 'yar Sifaniya, ni kaɗai, ko ashana ban ƙyasta ba. Ina azumin Arfa, leɓena ya bushe, na isa gidansu a Mirdif wajen sha biyun rana. Na ga tiyo kwance a tsakar gida yana shan rana, na ce me zai sa mai furfura kamata ya tsaya jidon bokiti. Sai da na naɗe hannu da gefen riga kafin na iya ɗaukar tiyon, abin da ya isa ya zama ishara ga mai hankali. Na murɗa famfo, na bi tukwanen shuka ɗaya bayan ɗaya, na'ana'a da ɗoɗɗoya da wasu jajayen furanni da wani ɗan itacen lemun tsami, na shayar da su har suka yi ambaliya. Sai da ruwan ya fallatso mini a ƙafa na daka tsalle ina salati. Ruwan figar kaza ne. Shekara goma sha ɗaya ina Dubai, na san abin da ya wuni a tankin saman rufi a watan Agusta shayi ne da ba a sa wa ganye ba. Na san haka a banɗaki, na san haka a wurin alwala, amma ranar nan ilimin ya tafi hutu tare da masu gida.

Yadda aka yi ni Ɗalhatu, ma'aikacin ofishin cargo a Al Khabaisi, wanda ko albasa bai taɓa shukawa ba, na wayi gari da makullan Turawa a aljihu, wannan sai an koma kan Labaran, abokin zamana. Shi ne mai makullan na asali.

Labaran mutumin Jos ne, ɗan Gangare, dogo siriri mai tafiya a hankali kamar yana tsoron ya tashi ƙasa daga barci. Ya haura arba'in da kaɗan. Ya yi shekaru yana kula da sito a wani kamfani a Bukuru har kamfanin ya rufe, sannan a farkon 2016 ya samu bizar irin wannan aikin a wani kamfanin tayil da ke Ras Al Khor. Ya bar matarsa Sa'adiya da 'ya'ya uku a gidan mahaifinsa, ya zo muka raba ɗaki: gado biyu, labule ɗaya, da wata tsohuwar esi mai tari kamar ta shekara talatin tana shan taba.

A Fabrairu ya sauka, lokacin da garin ke yaudarar baƙo. Da yamma iska na kaɗawa, ya tsaya a baranda ya kira Sa'adiya ya ce mata ai nan kamar Jos ne, duwatsu kawai babu. Yuni ne ya yi masa bayani. Ya fito daga ɗaki da safe, gilashin idonsa ya yi hazo nan take, ya tsaya a bakin ƙofa yana lalube. Iskar da ta tare shi kamar an buɗe masa murfin tukunyar dambu a fuska. Kafin ya kai tashar bas rigarsa ta manne da bayansa. Ya koyi cewa a watannin nan famfo mai shuɗin kai shi ne na zafi, sai ka kashe hita ka yi wanka da jan. Ya koyi kife takalmi a ƙofar masallaci ranar Juma'a, bayan da ya taɓa fitowa ya zura ƙafa ya yi rawar da bai yi niyya ba a gaban jama'a. Mutumin da ya tashi yana sa rigar sanyi a watan Agusta, yana gasa masara a gawayi ruwa na dukan kwano, yanzu ga shi yana goge gumi daga cikin kunne.

Zafin kaɗai da ya jure. Mutanen da ya faɗa hannunsu su ne suka ƙarasa shi. Kamfanin na Sifaniyawa ne, su biyar, duk daga yanki ɗaya na ƙasarsu inda ake gasa tayil. Babbansu Oga Bisente, gajere mai gashin hannu da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Matarsa Madam Amfaro ita ke riƙe da ofis. Sun kasa faɗin Labaran, suka yanke shi suka mai da shi Labi.

Makonsa na farko ya ji ihu daga ofis, mutum biyar suna magana lokaci ɗaya, ana dukan tebur. Ya ajiye takardun hannunsa ya ruga rabon faɗa. Ya tarar da su fuska ta yi ja, jijiyar wuya ta tashi, a kan ko ana sa albasa a shinkafar garinsu ko ba a sawa. Da suka gama suka rungumi juna suka tafi shan gahawa. Shi kuwa ya koma sito gabansa na faɗuwa har azahar.

Ba mugaye ba ne, shi ma bai taɓa cewa mugaye ne ba. Gajiyar da mutum kawai suke yi. Abincin ranarsu sai ƙarfe uku, saboda haka ba sa kiran taro sai daidai lokacin da ladan ya kira azahar. In zafi ya tsananta Madam Amfaro ta zo da wata miya a gora, ɗanyen tumatir da tafarnuwa da aka markaɗa aka sa a firij, ba ta ga wuta ba ko sau ɗaya, ta cika masa kofi ta tsaya tana jiran ya yaba. Labaran ya kalli abin, shi dai ya san wannan markaɗe ne da Sa'adiya ke aikawa inji kafin a fara girki. Ya shanye ya ce da daɗi. Tun daga ranar bai sake tsira ba, kowace Talata da kofinsa. Ga gaisuwar sumba a kumatu biyu, wadda sai da ya yi wata uku yana ja da baya da hannu a ƙirji kafin Madam ta haƙura. Ga sallama. In Basifaniye ya ce ya tafi, to ya kai bakin ƙofa ne kawai. Zai riƙe ƙofar a buɗe rabin awa yana ƙarasa zance, ɗan sanyin da Labaran ya tara a ofishin sito tun safe yana zirarewa waje yana kallo.

Daga tsakiyar Yuni kuma sai su koma tashi ƙarfe uku, wai haka ake yi a ƙasarsu in bazara ta yi. Motocin ɗaukar kaya ba su san da wannan al'ada ba, suna zuwa har shida. Wa zai tsaya? Oga Bisente ya dafa kafaɗarsa.

"Labi, kai ɗan Afirka ne, ka saba da zafi. Mu kuwa mutuwa za mu yi. No problem?"

"No problem, Oga."

Wannan kalma ita ce ta ci shi. Ba komai ɗinmu ce ya juya ta Turanci. A gida in mutum ya ce ba komai, mai hankali yakan dubi idonsa ya ji yadda ya ja ta, ya san ko akwai komai. Su kuwa mutanen nan yadda aka ba su haka suke karɓa.

Sannan ga Agusta. Sifaniyawa ba sa haɗa Agusta da komai. Tun Mayu ake kafa takardar hutu a bango ana yaƙi a kanta, a ƙarshe kowa ya samu abin da yake so, wato dukansu su tafi. Masana'antar can gida ma rufewa take yi, kwantena ba ta zuwa sai Satumba. Sunan Labi kuwa kullum yana ƙasan takarda, a gaban Nuwamba, lokacin da Dubai ta yi daɗi kowa na son zama. A ƙarshen Yuli Oga Bisente zai zo sito da wani zoben ƙarfe mai makullan gidaje huɗu da na motoci biyar, ya miƙa, Labaran ya sa hannu biyu ya karɓa.

Gidan da aka rufe a Dubai wata guda cikin zafi ba ya zama yadda aka bar shi. In an kashe esi gaba ɗaya, raɓa ta shiga, takalma da jakunkunan fata su yi fumfuna. In ba a zuba ruwa a magudanar banɗaki da ta kicin ba, su bushe, wari ya taso, kyankyasai su biyo shi. Mota in ba a tashe ta ba batir ya mutu. Saboda haka kullum bayan asuba Labaran ya ɗauki akori-kurar kamfani, wadda esinta ke hura iska mai ɗumi kamar numfashin saniya, ya zaga gidajen kafin ya buɗe sito. Da yamma ya sake komawa Mirdif gidan Oga ya cika bokitai ya shigar da su falo su kwana su huce, don da su ake shayar da shukar Madam da sassafe. A kicin ɗin gidan akwai wata busasshiyar cinyar alade guda, da kofatonta, an ɗaure ta a kan katako an rufe da ƙyalle. Saboda ita ake barin esin kicin a kunne dare da rana. Labaran bai taɓa taɓa ta ba, yakan bi ta gefe kamar mai wuce kare mai barci. Wata rana ya dawo ɗakinmu ya tarar esinmu ta sake shaƙewa, ya zauna a bakin gado yana fifita da kwali.

"Ɗalha," ya ce, "a garin nan mushen alade ya fi ni jin daɗi."

Ni kuwa na samu abin yi. In na ji ƙarar makullai a matakala sai in miƙe in dunƙule hannu. "Allah ya ja zamanin Sarkin Makullai! Mai gida huɗu, mai kwana a haya!" Nakan ce masa aikin nan ko jaki aka ɗaura wa zoben a wuya zai iya. Shi kuwa sai ya rataye makullan a ƙusa, ya cire safa, ya kwanta yana kallon silin.

Abin da ban sani ba da farko shi ne abin da yake kallo a silin ɗin. Mahaifinsa Malam Ɗantani, tsohon mai awon kuza, shekara arba'in shi ke yi wa layinsu yanka ranar Sallah. In an sauko daga idi ya yanka nasa, sai ya ɗauki wuƙarsa a naɗe cikin farin ƙyalle ya bi gidajen da babu namiji babba, gidan zawarawa da na marayu da na waɗanda mazansu ke tafiya, gida tara ko goma. Ba ya karɓar ko tsoka. Tun Labaran na ƙarami shi ke riƙe ƙafar rago. Shi kaɗai ne ɗa namiji, sauran duk mata. Kuma tun zuwansa Dubai Sallar take ta matsowa cikin zafi: shekarar farko ta faɗo tsakiyar Satumba ana sauke kwantena, ta biyu ranar ɗaya ga Satumba makullai na hannunsa, ta uku a cikin Agusta sosai.

Ya nemi izini, a ganinsa. A 2017 ya sami Oga Bisente ya ce, "Oga, bana Sallarmu za ta zo ƙarshen hutunku." Oga ya ce madalla, ya ci nama da yawa, ya kuma kawo masa kwalin alewa daga Sifaniya. Shekara ta zagayo ya sake gwadawa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, mahaifina ya tsufa." Oga ya buga ƙirji ya ce, "Uwata ma! Tamanin da takwas!" Ya zaro waya ya nuna masa hotunanta guda ashirin, ya ce shi ya sa ba ya wasa da Agusta. Labaran ya dawo gida ya ce mini an hana shi.

"Ya ce ba za ka je ba?"

"Ya nuna mini uwarsa ta fi ubana. Me ya rage?"

Ranar Sallar 2018 da rana yana tsaye a kicin ɗin Oga yana tsiyaya ruwa a magudana, cinyar nan na gefensa a lulluɓe, Sa'adiya ta kira.

"Abban Asama'u, kana zaune?"

"Ina tsaye. Lafiya?"

"Lafiya lau, kar ka tsorata. Baba ne. A gida na bakwai hannunsa ya kama rawa, wuƙar ta ƙi tafiya daidai. Sai da maƙwabci ya karɓa ya ƙarasa. Ya wanke ta ya naɗe, ya dawo gida ya shige ɗaki. Ko hanta bai ci ba."

Ya tsaya da bokiti a hannu har ruwan ya ƙare bai sani ba. Da ya kira mahaifin washegari, tsohon bai ambaci komai ba. Ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya sa albarka. Sai da za su yi sallama ya ce, "Wuƙar nan na sa an wasa ta na ajiye. Ta fara yi mini nauyi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, Labaran kuwa ya ji duka. Ɗa da uba yarensu ɗaya.

Mayun 2019 aka sake kafa takarda a bango, ana azumi, shi ko ƙarfin tsayuwa ba shi da shi. Oga ya leƙo ya ce, "Labi, Nuwamba, ko? No problem?" Kafin zuciyarsa ta motsa bakinsa ya riga ya amsa. Ya zo ya gaya mini wata Juma'a bayan ƙaramar Sallah, muna cin shinkafa a ƙasa, fanka na juya mana zafi.

"Malam Labaran," na ce, "mutanen da ko gishiri za su nema a tebur sai maƙwabta sun ji, su kake yi wa magana da gira? Ka taɓa buɗe baki ka ce ina so in tafi gida ranar kaza?"

"Haka ake yi wa na gaba magana?"

"Haka suke yi wa uwarsu ma. Ka je ka daki tebur."

"Ni ba ɗan Fagge ba ne irinka."

"To zauna. Allah ya ƙara wa Sarki makullai."

Ya ture kwanon ya tashi. Kwana uku bai yi mini magana ba, sai dai in ji shi a banɗaki yana gwada wasu kalmomin Turanci ƙasa-ƙasa, yana tsayawa, yana sakewa.

Bai daki tebur ba. Ba zai iya ba ko da an ɗaura masa hannu a kai. Ranar Litinin ta ƙarshen Yuli, ƙarfe biyu na rana, sito ya yi zafin da kwalayen tayil kansu ke ƙona hannu, Oga Bisente ya shigo da gajeren wando, rabin hankalinsa ya riga ya isa bakin tekun garinsu. Ya miƙo zoben makullai yana magana a waya. Labaran ya dubi zoben. Duk kalmomin da ya haddace a banɗaki suka gudu. Sai kawai ya mai da hannayensa biyu baya ya harɗe su, kamar ɗan makaranta a gaban hedimasta. Tunda aka haife shi bai taɓa barin hannun babba a miƙe ba. Gumi na bin bayansa, makullan na lilo a iska.

Oga ya sauke waya. "Labi?"

"Akwai problem, Oga."

"Me?"

"Ina so in tafi gida. Ranar sha ɗaya ga wata Sallah ce. Babana ba ya iya yanka, ni zan karɓe shi."

Oga ya fashe da ihu. Ya ɗaga hannu sama, ya ƙwala wa matarsa kira, ta sauko daga ofis, suka sa Labaran a tsakiya suna ihu da yarensu ta saman kansa. Shi dai yana jin sunansa na yawo a cikin zancen. Ya fara tunanin a wace jaka zai zuba kayansa, da abin da zai ce wa Sa'adiya. Can Madam Amfaro ta juyo kansa, idonta ya yi ja.

"Shekara uku! Shekara uku, Labi! Mu muna cewa kai Nuwamba kake so. Kullum aka tambaye ka sai ka ce no problem!"

"Madam, na gaya wa Oga babana ya tsufa."

"Kowa babansa ya tsufa! Ka ce kana son tafiya?"

"Ban ce ba."

"To mu bokaye ne?"

Oga ya ce sito ba abin damuwa ba ne, a Agusta ko ɓera ba ya zuwa, direban kamfani zai iya buɗewa ya rufe. Makullan ne matsala. Madam ta ce komai na gidan ya lalace ba ta damu ba, ban da lemun nan. Daga tsakar gidan mahaifiyarta ta ɗauko irinsa, mahaifiyar kuma ta rasu. In zai samo mutum mai amana kamarsa ya riƙe, khalas, shi ke nan, ya tafi har ƙarshen wata.

"Akwai abokin zamana," in ji Labaran. "Dattijo ne, mai hankali."

Allah ya yafe masa wannan shaidar.

Na zaci zai shigo yana murna. Ya shigo kamar wanda ya dawo daga jana'iza, ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba, ya gaya mini yadda aka yi. Ya daɗe yana juya zoben a hannu.

"Ɗalha, ashe ƙofar turawa kawai take so. Sallah uku ina tsaye a waje ina ta sallama."

Kafin in samo abin zolaya, ya ɗora mini makullan a cinya.

Ya rubuta mini bayani shafi uku da ɗan ƙaramin rubutunsa na masu sito, ya zaga da ni gidajen sau biyu, ya nuna mini bokitai, ya ce, "Na falo, wanda ya kwana. Kar ka taɓa tiyo." Na ce masa ni da nake tura kwantena har Kano ba za a koya mini ban ruwa ba. Ranar biyar ga wata na raka shi filin jirgi da jaka ɗaya da rigar sanyi a kafaɗa, mutane na kallonsa kamar mai taɓin hankali.

Kwana biyun farko na yi abin yadda ya rubuta. A na uku bayana ya riƙe. A na huɗu na makara, na tarar sitiyarin akori-kura ba ya taɓuwa, na tuƙa da yatsa biyu. Na manta magudanar gida na uku, wari ya tarbe ni tun daga ƙofa. Cinyar nan kuwa kullum na shiga kicin sai in ga kamar ta juyo tana kallona. A na biyar na dawo na kwanta, ban cika bokiti ko ɗaya ba. A na shida na yi abin da na faɗa muku.

Ranar Sallah bayan na ci abinci na lallaɓa Mirdif in ga ko Allah ya rufa asiri. Na'ana'a ta kwanta ta yi baƙi. Ɗoɗɗoya ta zama kamar ramar da aka tsame daga tukunya. Furannin sun zube. Lemun dai yana tsaye, ganyensa ya sunkuya. Na zauna a dakalin ƙofa, na duba agogo, sha ɗaya saura a gida, na kira shi.

Ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka na ji ruwa na dukan kwano, na ji kukan rago, na ji wata tsohuwar murya tana cewa a danne ƙafar baya da kyau.

"Barka da Sallah, ranka ya daɗe. Baba ne nake ji?"

"Shi ne. Yana tsaye da lema yana nuna mini wuri da sanda. Mun yi gida biyar. Me ya faru?"

"Wa ya ce wani abu ya faru?"

"Ɗalhatu."

Na gaya masa. Na ɗan rage, amma na gaya masa.

"Lemun fa?"

"Yana nan da ransa. Kunya ce kawai ta kama shi."

Na ji ya sauke numfashi. Ya ce in ja tukunyar in shigar da ita falo kusa da gilashi, in cika bokiti yanzu, kar in zuba ko ɗigo sai gobe da asuba. Na'ana'a da sauran ana sayar da irinsu, in je in nemo in dasa kafin Madam ta dawo, in kuma gaya mata gaskiya da bakina, da ƙarfi, yadda za ta ji.

"To amma Malam Labaran, tsakani da Allah wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Bayana ya tafi, ƙafata ta ƙone, ga zafi. Yanzu wannan ganyen da ya dahu ya zan yi da shi?"

"Shekara uku kana cewa ko jaki zai iya. To ga shi an ba jakin kwana shida ya dafa lambu. Ka nemi ƙuli ka yi kwaɗo ka ci Sallah da shi. Sauka daga layi, Ɗalhatu, wuƙa ce a hannuna, gida huɗu suka rage."